Tommy ko The Wall: Wanne Ya Kamata Ka Fara Kalla?

Ƙanina ne ya jawo wannan rubutu. Ya daɗe yana sauraron waƙoƙin Turawan Ingila na shekarun 1970, irin kiɗan rok ɗin nan mai kukan jita da rugugin ganguna. Ranar nan da daddare sai ga saƙonsa: "Yaya, fim ɗaya kawai datata za ta iya saukewa. Tommy ko The Wall?" Na ɗauki waya da niyyar ba shi amsa a layi guda, sai na ga abin ya fi ƙarfin layi guda. Kowannensu na kalle shi fiye da sau uku, na kalla ni kaɗai, na kalla cikin mutane, na kuma daɗe ina bin abin da masu kallo ke faɗa a kansu. Da wuya ka haɗu da wanda ya so su biyun daidai wa daida. Wanda Tommy ya burge yakan ce The Wall kukan daɗi ne na mawaƙin da kuɗi suka yi wa yawa. Wanda The Wall ya taɓa wa zuciya yakan ce Tommy hauka ne aka ɗora wa kiɗa. Kowane ɓangare kuwa da hujjarsa a hannu.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Kannywood mun saba da waƙa a cikin fim, amma a wurinmu waƙa zango ce. Labari na tafiya, a dakata, saurayi da budurwa su yi rawa a lambu, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Ko ka tsallake waƙar ba za ka rasa zaren labarin ba. Waɗannan biyun ba haka suke ba, waƙar ita ce labarin kansa. Faifai aka fara bugawa, waƙoƙi a jere suna ba da tarihin mutum ɗaya daga haihuwa har zuwa faɗuwarsa, abin da Turawa ke kira rok opera, daga baya aka zo aka gina fim a kai. A Tommy babu mai buɗe baki ya yi magana irin ta yau da kullum tun daga farko har ƙarshe, ko likita da waƙa yake bayanin cuta. A The Wall akwai 'yan kalmomi jefi-jefi, amma ba su kai a kira su hira ba. Wanda bai san wannan ba ya zauna, minti goma sun isa ya fara tambayar yaushe za a fara fim ɗin.

Abin mamaki kuma, ƙashin bayan labarin kusan ɗaya ne. Yaro ɗan Ingila, Yaƙin Duniya na Biyu ya raba shi da ubansa, ya tashi a hannun uwa, ya rufe kansa daga duniya, ya zama abin bautar jama'a, sannan komai ya ruguje a kansa. Inda suka rabu shi ne yadda kowane darakta ya riƙi wannan ciwon.

Faifan Tommy na ƙungiyar The Who ne, ya fito a 1969, kuma mai kaɗa jitarsu Pete Townshend ne ya rubuta mafi yawansa a lokacin da yake bin koyarwar wani malamin ruhaniya ɗan Indiya, Meher Baba, mutumin da ya daina magana tun 1925 har ya mutu a farkon 1969. Fim ɗin ya zo a 1975, Ken Russell ya ba da umarni, mutumin da aka sani da finafinai kan mawaƙan gargajiyar Turai kuma aka san bai iya yin abu kaɗan ba. Ya matso da labarin daga zamanin Yaƙin Farko zuwa na Biyu. Kyaftin Walker matuƙin jirgin yaƙi ne, aka harbo jirginsa, aka ɗauka ya mutu. Matarsa Nora ta haifi Tommy, ta haɗu da wani Frank. A 1951 mijin ya dawo cikin dare ya same su, Frank ya kashe shi a gaban idon yaron. Su biyun suka rufu a kan yaron suna yi masa ihu cewa bai gani ba, bai ji ba, kada ya faɗa wa kowa. Daga wannan dare ya zama makaho, kurma, bebe, alhali babu abin da ya sami ido ko kunne ko harshensa. A faifan uban ne ya kashe kwarton, fim ɗin ya juya abin, kuma wannan juyin na cikin abubuwan farko da masoyan faifan suka riƙe.

Daga nan fim ɗin ya zama kamar jerin gwanon taurari. Eric Clapton ya fito a matsayin mai wa'azi a wani wurin ibada inda marasa lafiya ke layi suna shafar gunkin Marilyn Monroe don neman waraka. Tina Turner ta fito a matsayin karuwa mai ɗura ƙwaya, tana kakkarwa kamar mai aljanu, ta sa Tommy a cikin wani akwatin ƙarfe mai cike da sirinji. Jack Nicholson likita ne. Elton John kuma zakaran fimbol, wato wasan nan na ƙaramar ƙwallon ƙarfe da ake bugawa a cikin akwatin gilashi, yana tsaye a kan wasu takalma da suka fi mita ɗaya tsayi. Tommy, wanda mawaƙin ƙungiyar Roger Daltrey ya fito a matsayinsa, ya kayar da shi ba tare da gani ko ji ba, ya zama attajiri. Ranar da uwarsa ta hankaɗa shi ya faɗa ta cikin madubi, idonsa ya buɗe. Jama'a suka ɗauke shi mai ceto, dangi suka mayar da abin kasuwa, mabiya suka gaji da tatsa suka yi bore, suka kashe uwar da mijinta, suka ƙona sansanin. Tommy ya hau dutse shi kaɗai ya fuskanci fitowar rana.

Da ya fito, mutane sun cika silima, fim ɗin ya kawo kuɗi sosai. Ann-Margret, wadda ta fito a matsayin uwar, ta ci kyautar Golden Globe, aka kuma sa ta cikin 'yan takarar Oscar, sai dai Louise Fletcher ce ta ɗauka a wannan shekarar. Shi ma Townshend ya shiga takarar Oscar saboda tsarin kiɗan. Amma tun a lokacin ra'ayi ya rabu, kuma har yau a kan abubuwa biyu ake jayayya.

Na farko murya. Russell da Townshend sun sake ɗaukar waƙoƙin gaba ɗaya, kowane ɗan wasa da bakinsa ya rera. Oliver Reed, wanda ya fito a matsayin Frank, gwanin wasa ne amma ba mawaƙi ba, kuma kunne ba ya ɓoye wannan. Wanda ya haddace faifan 1969 yakan ji kamar an ba shi miyar da ya sani amma an canja mata daddawa. An kuma cika kiɗan da sautin na'ura a wuraren da a da jita da ganga ne kawai. Ni dai ina tare da masu kare Reed. Frank mutum ne mai kaushi, mashayi, ɗan cuwa-cuwa, da zai buɗe baki murya mai zaƙi ta fito, da ƙarya ta shiga cikin fim ɗin. Amma na yarda cewa in kiɗan ne ya kawo ka, akwai wuraren da za ka yamutsa fuska.

Na biyu shi ne wurin waken gwangwani, wanda duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin da shi yake fara tuna shi. Nora tana cikin wani ɗaki fari fat, kayanta farare, ta yi tatul da giya, tana kallon ɗanta a talabijin tallace-tallace na katse shi. Ta ɗauki kwalba ta jefi akwatin. Gilashi ya fashe, sai kumfar sabulu ta yi ta ambaliya, sai wake da romonsa, sai cakulan, ita kuma tana birgima a ciki. A wajen ɗaukar wannan wuri gilashin ya yanke ta a hannu har sai da aka yi mata ɗinki. Wasu na cewa wannan ƙazanta ce kawai, darakta ya sami kuɗi da dama ya yi abin da ya ga dama. Wasu na cewa babu inda fim ya taɓa nuna yadda dukiya ke shaƙe mai laifi kamar nan: mace ce da ta san ita ta jawo wa ɗanta makanta, kuma da makantar aka saya mata wannan farin ɗakin. A kallona na farko ƙyama na ji. A na uku tausayinta ya kama ni. In kana son ka san ko Tommy naka ne, wannan wurin ne ma'auni. Wanda ya jure shi zai so sauran.

Akwai wata wuta da ake gani tana ci kusa da ƙarshen fim ɗin wadda ba ta wasa ba ce. Wani dandalin shaƙatawa da aka gina a kan teku a Southsea, kusa da Portsmouth, ya kama da wuta ana tsakiyar ɗaukar fim a 1974, Russell ya juya kyamara ya ɗauka ya sa a ciki. Wannan kaɗai ya ishe ka sanin irin mutumin da ya yi fim ɗin.

The Wall daga wata rijiyar dabam aka ɗebo shi. A Yulin 1977, a babban filin wasa na Montreal a Kanada, Roger Waters na ƙungiyar Pink Floyd ya fusata da hayaniyar 'yan kallo har ya tofa wa wani yau a fuska. Abin ya dame shi, ya fara tunanin katangar da ta shiga tsakaninsa da mutane. Faifan ya fito a ƙarshen Nuwamban 1979. Mahaifin Waters ya mutu a yaƙin Anzio a Italiya a Fabrairun 1944, shi yana jariri ɗan wata biyar, don haka maraicin da ke cikin labarin ba aro ba ne. Fim ɗin ya fito a 1982, Alan Parker ya ba da umarni, Waters ya rubuta, Gerald Scarfe ya yi zanen katun na kimanin minti 15 da aka saƙa a ciki. An fara nuna shi a bikin Cannes na Faransa. Bob Geldof, wanda bayan shekara uku duniya ta san shi da shirya gagarumin bikin waƙa na tara wa Habasha gudummawar yunwa, shi ya fito a matsayin Pink.

Kusan duk fim ɗin a cikin kan mutum ɗaya yake faruwa. Pink tauraron mawaƙi ne, yana zaune a ɗakin otal a Los Angeles, ya ƙura wa talabijin ido, sigari ta cinye har ta kai yatsunsa bai motsa ba. Tunaninsa na komawa baya yana dawowa, kowane ciwo tubali ne a katangar da ya kewaye kansa da ita: uban da bam ya kashe, uwar da tsoro ya sa ta naɗe shi kamar jinjiri har ya girma, malamin da ya karanta waƙensa a gaban aji don a yi masa dariya, matar da ya yi watsi da ita har ya buga waya gida daga Amurka wani namiji ya ɗauka ya kashe. Ya farfasa ɗakin, ya aske girarsa da gashin jikinsa da reza, abin da aka ɗauko daga halin da tsohon jagoran ƙungiyar Syd Barrett ya shiga. Manajansa ya ɓalle ƙofa, likita ya yi masa allura don kawai ya iya hawa dandamali. A cikin magagin allurar ya ga kansa shugaban 'yan wariya yana tunzura matasa, gudumomi na maci a titi. Sai ya gurfanar da kansa gaban shari'a a cikin zuciyarsa, hukuncin kuwa shi ne a rushe katangar.

Nan masoyan faifai ba su da ƙorafin murya sosai, domin mafi yawan waƙoƙin muryar Waters da mai jitar ƙungiyar David Gilmour ce kamar yadda aka san su, Geldof ya rera kaɗan ne. An cire waƙar Hey You, an ƙara wata sabuwa kan mutuwar uban, When the Tigers Broke Free. Ba a ga ƙungiyar tana kiɗa ko sau ɗaya ba, saɓanin Tommy inda The Who ke tsaye a bayan Elton John suna bugu. The Wall ya ci kyautar finafinai ta Birtaniya, BAFTA, guda biyu, ta sauti da ta waƙa.

Ƙorafin masu kallo a wani wurin yake. Suna cewa fim ɗin ba ya barin mutum ya numfasa. Minti 95 ne, ya fi Tommy gajarta, amma yakan fi shi tsawo a zuciya, domin babu dariya, babu sassauci, duka ne a kan duka. Waters kansa ya bayyana cewa bai gamsu da shi ba, Parker kuma ya sha faɗin irin wahalar da ya sha a aikin, domin shi da Waters da Scarfe kowa na jan igiya ɓangarensa. Akwai kuma ƙorafin da na ɗauka da nauyi: yadda aka nuna mata. Uwa a zanen Scarfe hannayenta na rikiɗa su zama katanga, matar aure na rikiɗa ta zama dodo mai harbi, har furanni biyu da suka fara da shauƙi sun ƙare ɗaya ta haɗiye ɗaya. Masu kare fim ɗin na cewa ai ta idon majinyaci ake kallon komai, fim ɗin bai ce haka mata suke ba, ya ce haka Pink ke ganinsu, kuma an nuna ƙarara cewa shi ya fara juya wa matarsa baya. Haka ne. Amma babu inda aka ba matar ko uwar bakin magana na kansu, kuma na san mata biyu masu son kiɗan ƙungiyar da suka ce ba za su sake kallonsa ba saboda wannan. A Tommy, duk da haukansa, uwar mutum ce cikakkiya mai laifi da nadama da ƙauna. A wannan fagen Tommy ya yi gaba.

Wani martanin ya fi wannan muni. Wurin gangamin 'yan wariya an yi shi da ƙarfi ƙwarai, da tutoci da alamar guduma biyu a gicciye, har da 'yan daban gaske masu askin ƙwal a cikin taron. Manufar ita ce a nuna yadda ciwon da aka danne ke rikiɗa ya zama zalunci. Amma a ƙarshen shekarun 1980 wata ƙungiyar masu aƙidar fifita farar fata da ta taso a Dallas ta Amurka, Hammerskins, ta ɗauki wannan alamar ta mayar tata. Fim ya yi gargaɗi, wasu suka ɗauki gargaɗin a matsayin talla. Shi ya sa ba na ba yaron da bai gama hankali ba shawarar kallonsa shi kaɗai.

Sai dai waƙar makarantar ta yi tafiya ta wata hanyar. Another Brick in the Wall kashi na biyu, wadda yaran makarantar Islington Green ta Landan suka yi wa amshi, ita ce ta ɗaya a Ingila a Kirsimetin 1979. A 1980 gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta haramta ta, bayan ɗaliban da ke ƙaurace wa aji don adawa da ilimin ƙasƙanci sun mayar da ita taken gwagwarmayarsu. A fim ɗin an nuna yara sanye da fuskar roba iri ɗaya, suna tafiya a layi suna faɗawa cikin injin niƙa nama. Lokacin da fim ɗin ya fito bulala ba ta zama laifi ba a makarantun gwamnatin Ingila, sai a 1987 hanin ya fara aiki. Duk wanda ya taɓa miƙa tafin hannu a gaban aji don laifin da bai kai ya kawo ba, ba ya buƙatar a fassara masa wannan wurin. Abin da ya fi burge ni shi ne fim ɗin bai tsaya a nan ba, ya bi malamin gida ya nuna shi a kan tebur matarsa na tilasta masa haɗiye guntun jijiyar da ya tofar, washegari ya huce a kan yara. Ko mugun ma an nuna inda nasa ciwon ya fito.

Abin da ya sa na karkata ga The Wall ya faru ne a ɗakina shekarun baya. Mu huɗu ne muna kallo a kwamfuta, ana ta surutu ana cin gyaɗa. Cikinmu akwai wani abokina da mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyu, bai san fuskarsa ba sai a hoto. Aka zo wurin da ƙaramin Pink yake filin wasan yara shi kaɗai. Ya ga wani mutum yana wasa da ɗansa, ya je ya roƙe shi ya ɗora shi a kan lilo mai juyawa, mutumin ya ɗora shi. Da mutumin zai tafi da ɗansa sai yaron ya bi su ya kama hannunsa. Mutumin ya fizge hannu ya kore shi. Yaron ya koma ya hau lilo yana ƙoƙarin tura kansa, ƙafafunsa ba su kai ƙasa sosai ba. Babu jini, babu dodo, wurin bai fi minti biyu ba. Na waiga sai na ga abokina ya ajiye gyaɗar hannunsa a kan tabarma. Bai sake cewa uffan ba har fim ya ƙare. Da zan raka shi, a bakin ƙofa ya ce min, "Wallahi na taɓa yin haka, a filin Idi." Daga nan bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Tommy bai taɓa yi wa wani da na sani irin wannan ba. Na ga ya sa mutane dariya, na ga ya sa an riƙe baki, na ga an mayar da wurin Tina Turner baya an sake kallo sau uku. Wani abokin namu da ke son finafinan Indiya na da ya ce shi Tommy ya fi kwanta masa, saboda launi da kwalliya da yadda kowane tauraro ke shigowa da waƙarsa ya yi bajinta ya fita. Yana da gaskiya, ta nan fim ɗin ya fi kusa da abin da idonmu ya saba. Kuma rabinsa na biyu yana da magana mai nauyi kan yadda ake mayar da neman waraka da neman tsira kasuwa, ana sayar wa mabiya riguna da alamomi, ana toshe musu ido da kunne da baki da sunan shiriya. Wannan ba baƙon abu ba ne a kowace ƙasa. Matsalar ita ce daga lokacin da Tommy ya warke fim ɗin yakan yi sanyi, rabin awar ƙarshe tana ja, ko masoyansa sukan yarda da haka. The Wall kuwa ƙarshensa ne ya fi tsanani.

Akwai abubuwan da ya kamata ka auna kafin ka ƙona datarka. In Turancinka na waƙa bai yi ƙarfi ba, The Wall ya fi sauƙin bi, domin hotunan kaɗai sun ɗauki labarin, ko da ba ka kama kalma ɗaya ba za ka san abin da ke cin mutumin. Tommy kuwa duk bayaninsa a cikin baitoci yake, in babu rubutun fassara a ƙasan allo za ka ga mutane na ihu ba ka san dalili ba. Ta fuskar sauti, Tommy an yi shi ne don silima mai sifiku biyar a kewaye da 'yan kallo, a sifikar waya yakan zama hayaniya. The Wall ma yana son sauti mai kyau, amma iyafis mai ɗan inganci ya wadatar, musamman a wurin waƙar Comfortably Numb inda jitar Gilmour ke tashi ana jan Pink a ƙasa zuwa mota.

Batun tarbiyya kuma ba na wasa ba ne. Babu ɗaya daga cikinsu da za a kunna a falo iyali na zaune. The Wall na manya ne tun daga tambarinsa a Amurka, akwai tsiraici, jini, da wurin cin zarafin mace a lokacin tarzoma. Tommy an ba shi tambari mai sassauci a 1975, kada wannan ya ruɗe ka. Akwai wurin da kawunsa, wanda mai gangar ƙungiyar Keith Moon ya fito a matsayinsa, yake lalata da shi yana nakasasshe, an kuma yi wurin da sigar barkwanci, abin da har yau nake ganin kuskure ne babba. Akwai ɗan uwansa da ke azabtar da shi, akwai ƙwaya, akwai kuma wasa da alamomin addinin Kirista da zai iya ɓata wa mai bin addinin rai. Saboda makamancin wannan dalili ban sa Jesus Christ Superstar na 1973 a cikin gwajin ba, ko da yake ajinsu ɗaya: an fito da mutum a matsayin Annabi Isa, alaihis salam, abin da Musulmi ba zai zauna ya kalla ba, Kiristoci ma sun rabu a kansa tun fitowarsa. Quadrophenia na 1979, shi ma daga faifan The Who, fim ne mai kyau amma na magana ne kamar kowane fim, waƙoƙin a bayan fage suke.

Lokaci ma ya yi nasa hukuncin. Tommy ya fi tashe a shekarar fitowarsa, daga baya ya zama abin da ake kalla don a ga yadda 1975 take, ko da yake labarin ya sake rayuwa a dandalin wasan kwaikwayo na Broadway a New York a 1993. The Wall ya fara da rabuwar kan masu sharhi, amma ɗalibai da matasa suka riƙe shi a kaset ɗin bidiyo suna miƙa wa na bayansu, har mai sharhin nan na Amurka Roger Ebert ya sa shi cikin jerin manyan finafinansa a 2010.

Amsar da na ba ƙanina ita ce The Wall, da sharaɗi uku. Ya fara sauraron faifan gaba ɗaya sau ɗaya kafin ya kalla. Ya kalla shi kaɗai da iyafis, ba cikin abokai masu surutu ba. Kuma kada ya kalla a ranar da ransa yake a ɓace, domin fim ɗin ba ya rarrashi. Na ce masa in wata ya ƙare ya sake sayen data, ya tara abokai ya sauke Tommy, shi a cikin taro ya fi daɗi, inda wani zai ce kai, wani ya ce a mayar baya. Da a ce ƙanin nawa mai saurin shiga damuwa ne, ko kuwa ba a daɗe da yi masa rashi ba, da na juya jerin, ko ma in ce ya tsaya a faifan tukuna.

Bayan kwana biyu ya kira ni da safe. Bai yi maganar gudumomi ba, bai yi maganar injin niƙa ba. Tambayarsa a kan wurin ƙarshe ce, bayan katangar ta faɗi, inda aka nuna ƙananan yara suna tsince-tsince a cikin ɓaraguzan titi, wani yaro ya ɗauki kwalbar fetur mai tsumma a baki, ya sansana, ya yamutsa fuska, ya tuntsurar da fetur ɗin a ƙasa. Ya ce, "Yaya, shi wannan yaron Pink ne ko wani dabam?" Na ce masa ya sake kallon wurin, in ya zo gida ranar Juma'a mu yi maganar.